Tarihin Koyar da Insha'i a Hausa da Darussan da Ke Cikinsa ga Makarantun Panda da Ƙasar Keffi

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar Hausa ya fito, kukan da malamai suke yi ɗaya ne: yara suna magana da Hausa rangaɗaɗau, amma da an miƙa musu alƙalami an ce su rubuta insha'i sai su daburce. Wani ya cika shafi guda ba sakin layi, wani ya fara maganar kasuwa ya ƙare a maganar biki, wani kuma ya raba abin da ake haɗewa ya haɗe abin da ake rabawa. Wannan matsala tana da tarihi. Dabarun da muke kira ginshiƙan insha'i sun shigo cikin rubutun Hausa ɗaya bayan ɗaya, kowace da zamaninta da kuma buƙatar da ta haife ta. A wannan babi za mu bi sawun waɗannan dabaru tun daga zamanin ajami har zuwa manhajar da ke hannunmu, sannan mu auna abin da muka gano da halin da ake ciki a Panda da kewayen Keffi cikin Jihar Nasarawa, inda Hausa take harshe na biyu ga ɗimbin ɗalibai.

2.0 Ma'anar insha'i

Kalmar insha'i ararriya ce daga Larabci, inda take ɗauke da ma'anar ƙagowa ko ginawa. A fagen koyarwa muna amfani da ita ga rubutun zube wanda ɗalibi yake ƙagowa da kansa a kan wani batu, ya jera tunaninsa daki-daki domin wani mai karatu ya fahimta. Ke nan akwai abubuwa huɗu da ba makawa sai sun haɗu: abin da za a faɗa, wanda za a faɗa wa, tsarin da za a bi, da kuma ƙa'idojin da za su sa rubutun ya karantu. Kamar yadda za mu gani, kowane zamani na tarihin rubutun Hausa ya fi ba da ƙarfi ga ɗaya daga cikin huɗun nan.

3.0 Zamanin ajami da ilimin wasiƙa

Kafin zuwan Turawa, yawancin abin da malamai suka rubuta da Hausa cikin ajami waƙa ce, musamman ta wa'azi da fiƙihu da tarihi. Zube kuwa, kamar littattafan ilimi da wasiƙun sarakuna, da Larabci ake yin sa. A wasiƙa ne aka fara koyar da tsarin rubutu a matsayin fanni mai zaman kansa. Magatakardan fada yana da hanya sananniya da yake bi: ya buɗe da sunan Allah, ya ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, kowa da laƙabin da ya dace da matsayinsa, ya yi gaisuwa, ya sa kalmar da ke raba gaisuwa da saƙo, ya faɗi saƙon a taƙaice, ya rufe da sallama, sannan a buga hatimi. Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana ƙarƙashin Zazzau ne, Zazzau kuma tana ƙarƙashin Sakkwato, kuma wasiƙa da manzo su ne suka riƙe irin wannan dangantaka tsakanin garuruwan da ke nesa da juna.

Babban misali a wannan fanni shi ne Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Umaru Salaga. An haife shi a Kano a 1858, ya rasu a Kete Karachi ta ƙasar Gana ta yanzu a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa wani ɗan littafi da Larabci a kan ilimin wasiƙa, mai ɗauke da samfurori na yadda ake rubuta wa sarki da malami da ɗan'uwa. Littafin ya yaɗu a Afirka ta Yamma saboda buƙatar da fatake da almajirai suke da ita gare shi. Daga baya shi wannan malami ya rubuta dogayen bayanai na zube da Hausa cikin ajami, waɗanda Jamusawa irin su Gottlob Krause da Adam Mischlich suka tattara, a kan tarihin garuruwa da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. Idan muka auna waɗannan rubuce-rubuce da ma'aunin yau, insha'i ne na bayani da na siffantawa, tun kafin a san da waɗannan sunaye a aji.

Gadon da wannan zamani ya bar mana shi ne sanin mai karatu. Wanda ya koyi ilimin wasiƙa ya san cewa harshen da ake yi wa sarki daban yake da wanda ake yi wa aboki, ya kuma san cewa gaisuwa tana da wurinta, saƙo yana da nasa. Gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, waɗanda wasu ke ɗauka baƙi ne da suka zo da boko, suna nan cikin tsarin wasiƙar tun da daɗewa.

4.0 Shigowar boko da matsalar ƙa'idoji

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a 1903, gwamnatinsu ta zaɓi haruffan boko a kan ajami domin aikin mulki da makaranta. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a unguwar Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa. Abin da ake nema daga ɗalibi a lokacin bai wuce ya zama malamin ofis ba: ya iya kwafe takarda da kyakkyawan hannu, ya rubuta rasit na haraji, ya ɗauki shifta ba kuskure. Saboda haka darasin rubutu ya karkata ga kyan hannu da shifta, ƙagowa kuwa aka bar ta a baya.

Ko su ƙa'idojin ma sun daɗe ba su zauna ba. An yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da ɗan waƙafi a samansa domin a bambanta sautukan da Turanci ba shi da su, sai a shekarun 1930 aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin da su ne mai karatu yake rarrabe "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata", ko "ɗaka" da "daka". A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito, ya zama abin komawa ga duk mai shakkar wata kalma.

A wannan zamani kuma akwai wata hanya ta biyu da boko ya bi, wadda ta fi shafar yankin da muke nazari. Mishanoni da suka yi aiki a tsakiyar Nijeriya sun riƙi Hausa a matsayin harshen wa'azi da na azuzuwan koyon karatu a tsakanin al'ummomin da Hausa ba harshensu na gado ba ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Ta wannan hanya mutane da yawa a kudancin Zazzau da ƙasar Keffi da Filato suka fara karatu da rubutu cikin Hausa kafin su san Turanci, wasu ma kafin a rubuta harshensu na gida.

5.0 Hukumar Talifi da Gaskiya Ta Fi Kwabo

Sauyi mafi girma ya zo ne daga Zariya. An kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantu littattafai, daga baya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Abin lura ga masu tsara manhaja shi ne, Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin. Zuben Hausa na zamani daga hannun masu riƙe da alli ya fito.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, inda ya zauna tare da East ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939. Yadda aka yi wannan aiki darasi ne a kan kansa. Marubuci yana karanta labarai na wasu al'ummu, ya narkar da su cikin rayuwar Hausawa, ya rubuta, a duba tare da shi, ya koma ya gyara. A nan ne dabaru biyu suka kafu: rubuta Hausa yadda masu ita suke furta ta, ba tare da jan ta zuwa ga ginin jimlar Larabci ko ta Turanci ba, da kuma bita, wato yarda da cewa rubutun farko daftari ne kawai.

A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editanta na Hausa. Ana iya cewa ita ce makarantar insha'i mafi faɗi da aka taɓa yi a Arewa. Sharhin edita ya nuna wa masu karatu yadda ake kafa hujja a kan wani batu na yau da kullum, shafin wasiƙu kuma ya ba malamin ƙauye da ma'aikacin En'e da soja da ke bakin dāga a Yaƙin Duniya na Biyu damar su rubuta abin da ke damunsu, dubban mutane su karanta. Mai rubuta wa Gaskiya yana da dalilin yin rubutu, yana kuma da wanda zai mayar masa da martani idan hujjarsa ta yi rauni.

An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA kuma ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya, har zuwa rushewarta a 1959. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin daidaita rubutu da kalmomin aro. Burin wanda ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci sananne ne: ya rubuta wasiƙarsa da hannunsa, ya karanta wadda aka aiko masa, ba sai wani ya ji sirrinsa ba.

6.0 Zamanin manhaja da jarrabawa

Bayan samun 'yancin kai, aikin daidaita ƙa'idoji ya koma hannun masana na jami'o'i. An yi taron Bamako a 1966, an yi na Zariya a 1970 da na Kano a 1972, sannan na Yamai a 1980 wanda ya nemi kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Waɗannan tarurruka ne suka tabbatar da yawancin dokokin haɗa kalmomi da raba su da muke koyarwa a yau. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba Hausa da Ibo da Yarbanci matsayi na musamman, har ta tanadi cewa ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikinsu ko da ba harshensa ba ne. Daga nan aka sami manhaja iri biyu a ƙaramar sakandare, ta masu Hausa a matsayin harshen farko da ta masu koyonta a matsayin harshe na biyu. An kafa Hukumar NERDC a 1988, a shekarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce, sannan a 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. A 1993 aka kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa a Aba.

A wannan zamani ne insha'i ya sami rabe-raben da muka saba da su, wato na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da na tattaunawa da rubutun wasiƙa. Hukumomin jarrabawa, WAEC da kuma NECO wadda ta fara aiki daga baya, suna auna ɗalibi a kan ƙunshiya da tsari da ingancin harshe da kiyaye ƙa'idoji. Wannan ci gaba ne, domin malami ya sami sunayen da zai kira abin da yake koyarwa da ma'aunin da zai ba da maki. Sai dai an biya shi da tsada. Mai karatun ɗalibi ya koma mutum ɗaya tak, wato mai duba takarda, batutuwan kuma suka zama 'yan ƙalilan da ake maimaitawa shekara da shekaru. Da Shirin Ilimin Firamare Kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malami zai iya duba aikinsu, sai hanya mafi sauƙi ta zama a rubuta samfuri a allo, yara su kwafe su haddace. Bitar da aka gada daga Zariya ita ce ta fara faɗuwa, domin ita ta fi cin lokaci.

7.0 Halin Panda da ƙasar Keffi

Panda tana cikin yankin Ƙaramar Hukumar Karu, wanda a da yake ƙarƙashin Keffi. Yankin ya zauna a Lardin Binuwai, ya shiga Jihar Binuwai da Filato a 1967, ya koma Filato a 1976, sannan Jihar Nasarawa a 1996. Panda cibiya ce ta al'ummar Nyankpa, waɗanda Hausawa ke kira Yeskwa, a kewayen kuma akwai Gbagyi da Gwandara da Koro da Fulani da Hausawa. Yaro a nan yakan tashi da harshen gida, ya tsinci Hausa a kasuwa da wurin wasa da wurin ibada, ya tarar da Turanci a makaranta. Yankin ba baƙo ba ne ga ilimin boko mai zurfi, domin Kwalejin Gwamnati ta Keffi ta yaye fitattun mutane, ciki har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma tun farkon shekarun 2000 akwai Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi.

Hausar da irin wannan yaro yake zuwa da ita aji tana da siffofinta, kamar yadda aka sani ga masu Hausa a matsayin harshe na biyu a tsakiyar Nijeriya. Sau da yawa ba ya bambanta jinsi, sai ya ce "mace ya zo". Sautukan ƙugiya sukan narke cikin takwarorinsu, "ƙ" ta koma "k", abin da bai ji a kunne ba kuwa ba zai sa shi a takarda ba. Kalmominsa na ciniki da hira suna da yawa, na kafa hujja da kwatanta abubuwa kaɗan ne. Ga kuma rubutun waya, inda ba a damu da ƙugiya ko rabon kalma ba, har "ba shi" da "bashi" suka zama abu ɗaya a idonsa. Yaron nan ya wuce manhajar harshe na biyu, wadda ke farawa da gaisuwa da ƙirga, bai kuma kai ga ta harshen farko ba, wadda ta ɗauka cewa jinsi da karin magana suna cikin jininsa. Tsakanin manhajojin nan biyu yake faɗawa.

Lamarin ya ƙara nauyi saboda sauyin manufa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa cikin harshen uwa a duk shekarun firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ta janye wannan, ta mayar da Turanci harshen koyarwa. Ke nan darasin Hausa shi ne wurin da ya rage wa yaro ya koyi rubuta harshen da yake hulɗa da shi kullum.

8.0 Shawarwari

Bisa ga wannan tarihi muna ba masu tsara manhaja da malamai shawarwari kamar haka.

Na farko, a fara da wasiƙa, kamar yadda tarihin ya fara. Ɗalibi ya rubuta wa mutum na gaskiya a kan buƙata ta gaskiya, misali ga mai unguwa a kan rijiyar da ta lalace, sannan ya sake rubuta saƙon ga abokinsa, a kwatanta harshen biyun a aji.

Na biyu, a ɗauko batu daga abin da yaro ya sani: yadda ake yin kunyar doya, ranar kasuwar Panda, tafiya zuwa Keffi a lokacin damina. A bar shi ya faɗi batun da baki, ko da cikin harshen gidansu ne, a jera muhimman maki a allo, kowane maki ya zama sakin layi guda.

Na uku, a mayar da bita cikin jadawali. Insha'i huɗu da aka gyara sau biyu-biyu a zango sun fi goma da aka duba sau ɗaya aka jefar. Inda aji ya yi yawa, ɗalibai su yi musayar takardu, kowa ya duba abu guda da malami ya ayyana.

Na huɗu, a koyar da ƙa'idoji daga kurakuran ɗaliban kansu, a kuma haɗa su da horon kunne. Shifta ta minti biyar a kan kalmomi irin su "kafa" da "ƙafa" ta fi doguwar lacca amfani.

Na biyar, a samar wa ɗalibi masu karatu. Jaridar bango ta makaranta, mai shafin wasiƙu da martani, za ta yi wa aji abin da Gaskiya ta yi wa Arewa, gwargwadon ƙarfinta.

Na shida, a tanadi wani rukuni na tsakiya a manhaja domin yaran da ke jin Hausa sosai amma ba harshensu na gado ba ce, a ba da ƙarfi ga jinsi da ƙugiya da kalmomin haɗa tunani irin su "saboda haka" da "duk da haka" da "alal misali".

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda zamanin ajami ya kafa sanin mai karatu da tsari, farkon boko ya kawo ƙa'idoji, Zariya ta kawo Hausa mai daɗin karatu da al'adar bita, zamanin manhaja kuma ya ba abubuwan sunaye da ma'auni. Manhajar da muke aiki da ita ta fi riƙe na ƙarshen. Aikin da ke gaban masu tsara ta shi ne su mayar da sauran cikin aji, su fara gwada hakan a wurare irin su Panda, inda buƙatar ta fi fitowa fili, sannan a auna sakamakon kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran makarantun jihar.